Amsar tambayarka kan kotunan waje da dokokin addini

Wuse, Abuja

Aminina Bala,

Assalamu alaikum. Ya Alƙahira, ya karatu, ya Maman Walid? Wata huɗu ko gaisuwa babu, sai da gardama ta ci ka a majalisarku ka tuna da mu. Na yafe, amma dabinon Hajiya yana nan a wuyanka.

Ka tambaye ni ko kotunan waje da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa na iya tilasta wa Najeriya sauya dokokinta da suka shafi addini. Ka faɗa wa abokan gardamarka su buɗe sashe na 12 na tsarin mulkin 1999. Duk yarjejeniyar da Najeriya ta sa wa hannu ba ta zama doka a gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da siyasa mun shige ta a 1993, amma ba ta bi ta wannan ƙofa ba, don haka lauya kan kawo ta gaban alƙali ne don ƙarin haske kawai. Ta Afirka kan haƙƙin ɗan'adam kuwa ta bi tun 1983, kuma a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000 Kotun Ƙoli ta ce ta fi sauran dokoki ƙarfi, amma tsarin mulki na gaba da ita.

Dubi abin da ya faru a Afrilun 2025. Kotun ECOWAS da ke nan Abuja ta ce sashe na 210 na kundin laifuka na Kano da 382(b) na kundin shari'ar Musulunci na jihar, waɗanda suka shafi ɓatanci ga addini, sun saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, a soke ko a gyara. Gwamnatin Kano ta ce ba za ta bi ba. Kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Magatakarda zai aika takardar zartarwa ga Antoni-Janar na Tarayya, tunda Tarayya aka yi ƙara, alhali dokar ta jiha ce, gyaranta na hannun majalisar dokokin Kano. A nan keken ke maƙalewa.

Kada ka ce mu kaɗai ne. A 2018 kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce haramta niƙabi da Faransa ta yi ya take 'yancin addini, amma dokar tasu ta 2010 tana nan daram.

Af, Sadiya ta haihu, namiji, an sa masa sunan Baffa. Malam Iro kuma ya sake sayen wata akwalar, ka san sauran zancen.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke raina abin da ke hannunmu. Sanarwa ɗaya daga Amurka ko Janeba, mazaunin hukumomin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, sai gari ya ɗauki zafi, Musulmi da Kirista kowa na zargin kowa. Amma 'yan matan makarantun gwamnatin Legas da suka samu damar sa hijabi a Yunin 2022, sashe na 38 na tsarin mulki, mai kare 'yancin addini, shi ne ya ba su, a Kotun Ƙoli, alƙalai 5 suka rinjayi 2. Wannan sashen shi ne kuma ke kare ɗalibi Kirista daga tilasta masa ibadar da ba tasa ba. Ka buga shi ka kai majalisarku.

Yaushe jarrabawarka ta ƙarshe? Hajiya na so ta san ko za ka yi babbar sallah a gida kafin a tsayar da ranar bikin Nura.

Naka,
Kabiru