Ai Birtaniya ma ba ta da hanyar ƙanƙarar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne kan shirin wasanninku na ranar Asabar. Wani mai sauraro ya tambayi mene ne wasan sikeletin, sai mai gabatarwa ya ce na Turawa ne, mu da ƙanƙara sai a cikin zoɓo, ya koma kan Arsenal. Ni ma na dara, amma amsar ba ta gamsar da ni ba.

Ga yadda wasan yake. Mutum zai sheƙo a guje yana tura wani ɗan faranti mai ƙafafun ƙarfe, ya faɗa kansa rub da ciki, kai a gaba, haɓa kamar ta gogi ƙanƙara, ya gangara da gudun da ya haura kilomita 120 a awa. Ba birki, ba sitiyari. Da kafaɗa da gwiwa ake karkata shi.

Lizzy Yarnold ta Birtaniya ta ci zinare a gasar Olympics ta lokacin sanyi a Sochi ta Rasha a 2014, ta zama zakarar duniya a 2015, ta sake cin zinaren Olympics a PyeongChang ta Koriya ta Kudu a 2018. A wannan na ƙarshen da ciwon ƙirji ta shiga, jiri na ɗibarta, har ta kusa janyewa bayan gangarowar farko. Ta daure ta cika gangarowa huɗun da ake yi, ta wuce Jacqueline Lölling ta Jamus da tazarar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba.

To, ƙasar tata ba ta da hanyar ƙanƙara ta wannan wasa ko ɗaya. Abin da suke da shi ɗan wurin koyon tura farantin a farkon tsere ne a Jami'ar Bath, sauran horon sai a ƙasashen mutane. Ita kanta 'yar guje-guje da tsalle-tsalle ce, a 2008 wani shirin neman masu hazaƙa mai suna Girls4Gold ya zaƙulo ta, aka gwada ƙafarta aka ce nan ta dace.

A tseren nan na 2018 kuwa har da 'yar Najeriya, Simidele Adeagbo, wadda ita ma daga tsalle ta fito, 'yan watanni kacal da fara wasan. Ta zo ta 20. Bangaren maza akwai Akwasi Frimpong na Gana.

Don Allah a ware minti biyar a ba wa bawan Allahn nan amsarsa. Arsenal za ta jira.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya