A daina tozarta yara a guruf ɗin makaranta

Assalamu alaikum Edita, barka da ƙoƙari. Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna. Ni malamar firamare ce kuma uwa, don haka ina cikin guruf ɗin WhatsApp na iyayen ajin da nake koyarwa, ina kuma cikin na makarantar da ɗana yake.

Ni dai ba na cikin masu cewa waya ta ɓata karatu. A 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu, lokacin da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce sama da ɗalibai biliyan 1.5 suna zaune a gida, da ba don waya ba da ban san yadda za mu yi ba. Mun gwada Zoom, na kyautan minti 40 yake yi ya yanke ana tsakiyar darasi, ga shan data. Google Classroom da ya fito tun 2014 yana da tsari sosai amma sai an buɗe wa kowa imel an koya masa shiga, iyaye da yawa tun a nan suka haƙura. WhatsApp ne ya zauna mana saboda dama yana hannun mutane. Har yau ina cin moriyarsa. Akwai wata ɗalibata da ta karye a ƙafa ta yi sati shida a kwance, kullum kafin in goge allo sai in ɗau hotonsa in haɗa da saƙon murya na minti uku in tura wa babanta, shi bai iya karanta rubutun ba amma yana kunna mata ta ji, da ta dawo wallahi ko kaɗan ba a bar ta a baya ba.

To amma Edita, abin da ya sa na rubuto shi ne yadda wasu makarantu suka mai da guruf ɗin nan allon tonon asiri. Zangon da ya wuce, a makarantar ɗana, aka ɗauki hoton takardar sakamakon jarrabawa gaba ɗaya, suna da maki, daga na ɗaya har na ƙarshe, aka watsa a guruf. Wanda ya zo na ƙarshe abokin ɗana ne, yaro mai kunya ɗan shekara tara da ko magana ba ya ɗagawa. Wanda ya tura ya ɗauka manya kawai za su gani, ya manta cewa da daddare wayar uwa a hannun yara take kwana. Washegari duk ajin sun sani, har waƙa suka yi masa, kwana uku yaron nan ya ƙi zuwa makaranta yana cewa cikinsa ke ciwo. Da uwar ta yi ƙorafi sai aka goge saƙon, to me ya rage? Wasu sun riga sun ajiye hoton, wasu sun tura gaba.

Haka ake yi da sunayen waɗanda ba su gama biyan kuɗin makaranta ba, a jero su a gaban kowa wai don a zaburar da iyaye. Guruf ɗaya yana iya ɗaukar mutum har 1,024, kuma duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa. Laifin me yaro ya yi da za a faɗa wa jama'a cewa ubansa ba shi da hali a wannan watan? Ga kuma ɗora hotunan yara a shafin Facebook na makaranta, da kayan makaranta a jikinsu da cikakken suna a ƙasa, ba tare da an tambayi iyaye ba, alhali su kansu masu Facebook ɗin ba su yarda ɗan ƙasa da shekara 13 ya buɗe shafi ba.

Roƙona ga shugabannin makarantu da 'yan uwana malamai, guruf ya tsaya a kan abin da ya shafi kowa, ranar hutu, taron iyaye, aikin gida. Akwai wajen da ake saitawa ya zama admin kaɗai ke iya tura saƙo, a yi amfani da shi. Maki da bashi da rashin jin yaro kuwa a bi uba ko uwa ta gefe, na san da wahala malami ya tura saƙo arba'in ɗaya bayan ɗaya don ni ma ina yi, yakan cinye min kusan awa guda. Iyayen da ba su da babbar waya kuma a ci gaba da ba yaransu takarda su kai gida.

Yaron da na ba da labarinsa ya koma makaranta, amma ɗana ya ce min yanzu a can bayan aji yake zama kuma ya daina ɗaga hannu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wata malamar firamare