Zuwa ga Uwata, Sabuwar Malamar Tarihin Shari'a

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, saƙonki ya iso mini nan Bauchi cewa takardar ɗaukarki aikin koyarwa a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fito, kuma darasin tarihin shari'a aka damƙa miki. Allah ya sanya albarka, ya sa ki fara a sa'a. Ban manta da shekarun da kika yi kina zarya tsakanin Zariya da Kaduna ba, kina yini a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa saboda digirinki na uku, yayin da dangi ke ta tambayata dalilin da ya sa mai takardar lauya za ta bar kotu ta koma karanta tsofaffin fayil-fayil.

Uwata, da yawa daga cikin ɗaliban da za su zauna gabanki a harabar jami'ar da ke Kongo, Zariya, suna ɗaukar dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, kamar abin da aka tarar tun kaka da kakanni. Ki nuna musu cewa sai a 1960 ta fara aiki, bayan kwamitin masana na 1958 wanda Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, ya shugabanta, kuma daga dokar Sudan aka ɗebo ta, ita ma tushenta dokar Indiya ce ta 1860. Ki ja su baya zuwa 1902, lokacin da Turawa suka ci Bauchi suka tarar da alƙalai na yanke hukunci da littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, suka bar su a kan buzayensu amma suka rage musu iko. Shari'ar Tsofo Gubba ta 1947, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke, ta isa ta nuna musu yadda tsarin shari'ar Musulunci da na Turawa suka riƙa karo.

Sai dai abin da ya fi damuna ba ya cikin littattafan da aka buga. A shekarun da na yi ina rajistaran kotu, na taɓa buɗe wani ɗakin ajiya na tarar da kundayen alƙalan dā jibge a ƙasa, rufin yana yoyo, gara ta cinye rabinsu. Na ɗauki ɗaya, rubutun tawada da alƙalamin kara, na karanta ƙarar wata bazawara da ta nemi tumunin takabarta daga 'yan'uwan mijinta, alƙali ya kira shaidu biyu ya ba ta haƙƙinta. Na kai kuka sama har sau uku, ba a ɗauki mataki ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Saboda haka kada neman ƙarin girma da rubuta maƙaloli su ɗauke miki hankali daga waɗannan kundaye. Ki riƙe Larabcinki da karatun ajami da kyau, ki tura ɗalibanki kotunan garuruwansu su ɗauki hoton abin da ya rage.

Akwai wani tsohon muhuti, wato magatakardan alƙali, a unguwarmu wanda ya yi aiki tun kafin a kafa kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, ƙwaƙwalwarsa garau take amma jiki ya yi rauni. Idan kin zo hutu ki taho da na'urar ɗaukar murya, ni da kaina zan kai ki wurinsa. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam,
Mahaifinki