Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Ahmad Aliyu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Sana'ata haɗa kyamarorin tsaro da rauta (na'urar raba intanet) a shaguna, ƙananan asibitoci da makarantu masu zaman kansu a cikin garin Sakkwato. Kwanan baya wani ɗan kasuwa a Babbar Kasuwa ya kira ni hankalinsa a tashe, wai kyamarar shagonsa tana juyawa da kanta cikin dare. Da na duba na'urar da ke ajiye hotunan, sai na tarar shekara biyar ke nan ba a taɓa sabunta manhajar cikinta ba, kalmar sirrin ma tana nan yadda ta fito daga kamfani. Wanda ya san hanya, ko daga wace ƙasa, yana iya kallon aljihun tebur ɗin da bawan Allah nan ke zuba cinikin yini. Kuɗinsa ya sa ya sayi tsaro, sai ya zama ya buɗe wa ɓarawo taga.

Ranka ya daɗe, kowace rauta, firinta ko kyamara tana da manhajar da aka dasa mata tun daga masana'anta, ita ke tafiyar da ita. Idan aka gano ɓaraka a cikinta, kamfanin yakan fitar da gyara, yawanci kyauta. Sai dai ranar da aka sanar da gyaran, ranar ɓarayin intanet ma suka san inda katangar ta tsage, su shiga neman wanda bai liƙe tasa ba. A 2018 wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter ta shiga rauta aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, galibi irin ta gida da ƙananan ofisoshi, har hukumar FBI ta Amurka ta fito tana roƙon jama'a su kashe su kunna, su sabunta. A watan Mayun 2017 wata irinta mai suna WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris, ba a dai sa shi a kwamfutocin ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne shagunan intanet da yaranmu ke buga takardun JAMB. A nan lambobin NIN da hotunan ɗalibai suke, a kwamfutocin da wasu har yau Windows 7 ke kansu, wadda aka daina yi wa gyara tun Janairun 2020. Windows 10 ma an daina yi mata gyara a Oktoban 2025. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai shago alhakin waɗannan bayanai, amma wa ya taɓa zama ya yi masa bayani da Hausa?

Ban ga laifin 'yan kasuwarmu ba. Data na da tsada, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, na'urar kan mutu gaba ɗaya. Wanda hakan ya taɓa samu ba zai sake yarda ba, sai an nuna masa ya jona ta da batir ko sola tukuna.

Roƙona, a ba wannan magana fili a Rima Radiyo, ko da minti goma sha biyar ne a mako. A haɗa ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da shugabannin kasuwa, su bi layi-layi lokacin aikin koyon sana'arsu, suna duba na'urori suna canza kalmomin sirri. Sannan gwamnati ta fara da gidanta: duk ɗan kwangilar da zai kawo wa ma'aikata na'ura, a rubuta masa a yarjejeniya shekara nawa zai riƙa sabunta ta.

Ni da wasu abokan sana'ata a shirye muke mu shiga shirin rediyon, ba ma neman ko kwabo.

Allah ya taimaki Gwamna.

Daga wani mai haɗa na'urori,
Sakkwato.