A daina ɗora wa afdet laifin ɓatan lis ɗin fayawol

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ku ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu haɗa waifai a masaukan alhazai nan Makka, musamman na wajen Misfala da Shara Mansur, da kuma iyayen gidanmu masu masaukan. Kullum kuka ɗaya ake ji, wai an yi wa rauta afdet, gari ya waye lis ɗin adireshi na fayawol (katangar tsaro da ke tantance wanda zai shiga rauta da wanda za a toshe) ya zama wayam, kwamfutar risefshan ta kasa shiga, masu gwada fasuwod daga waje da aka toshe sun dawo, sai a hau yaron da ya yi aikin da faɗa har a riƙe masa riyal ɗinsa. Wallahi abin yana min ciwo, don yawanci ba abin da ya lalace.

Mafi yawanmu rautar kamfanin MikroTik muke sakawa, ta ƙasar Latbiya. A tsarinta duk adireshin da ka sa wa timeout, wato wa'adin fita daga lis, a RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi) yake zaune ba a ma'adanar rauta ba, shi ya sa za ka ga harafin D a gefensa cikin Winbox, manhajar da ake saita rautar da ita. Afdet kuma dole sai rauta ta mutu ta tashi, tana tashi RAM ta goge, ko da saura wata shida a wa'adin. Ɗauke wuta ma haka zai yi. Export ɗin, wato kwafin saitin rauta, da ka ɗauka kafin aiki ba zai cece ka ba, domin baya kwasar masu D.

To inda mutane suka fi rikicewa shi ne dokar da ke zuba adireshi a lis da kanta. A wurin address-list-timeout akwai none-dynamic akwai none-static, ido zai ga kamar abu ɗaya ne tunda duka babu wa'adi, amma na farkon yana nan ne kawai har ranar da rauta ta sake tashi, na biyun shi ake rubutawa a ma'adana ya kuma shiga bakof. Kafin ka ce za ka koma tsohon bashan, buɗe dokar ka duba wanne aka zaɓa, ka kuma duba ko kauntar dokar na ƙirga fakiti (ƙullin bayanan da ke wucewa), in tana ƙirgawa lis zai sake cika da kansa, haƙuri kawai.

Ni ra'ayina, kwamfutar risefshan da kyamarori da wayar manaja a rubuta adireshinsu a lis da hannu ba wa'adi. Masu ƙwanƙwasa ƙofar 22 da 8291 kuwa, wato hanyoyin shiga saitin rauta, a ba su kwana ɗaya ko sati, 1d ko 1w, kar a manta harafin. Kar a mai da su na dindindin, ƙananan rautocin nan wasu 16MB kawai gare su, dubban adireshi za su cika su.

Masu masauki kuma don girman Allah ku bar sa yara yin afdet ana tsakiyar cikowar Umrar Ramadan. A bari sai baƙi sun ragu.

Naku,
Mai gyaran intanet, Makka