Amsa ga mai tambaya: me ya haɗa Bahaushe da harshen Khana?

Ɗan'uwa, assalamu alaikum.

A taron marubuta na makon jiya ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: me ya kai ni ɓata tawada a kan Khana, harshen da ko sunansa yawancinmu ba mu taɓa ji ba? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba. Ga ta.

Khana ɗaya ne daga harsunan Ogoni a Jihar Ribas, ɗan'uwan Gokana da Eleme da Tai. Cibiyarsa Bori, garin da aka haifi marubuci ɗan gwagwarmaya Ken Saro-Wiwa a 1941. In an ce Ogoni, tunanin mutane yakan tafi ga malalar man fetur da ratayar da aka yi wa Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995. Amma a takardar haƙƙoƙin da Ogonawa suka fitar a 1990 akwai wani kuka da ya tsaya mini a rai: Khana da Gokana na neman ɓacewa, ana kuma ɗora musu wasu harsunan Najeriya.

To, malam, waɗanne harsuna ne? Tsarin ilimi na 1977 ya so kowane yaro ya koyi ɗaya daga Hausa, Yarabanci da Ibo. Sashe na 55 na kundin tsarin mulki, mai magana kan harsunan aikin Majalisar Tarayya, shi ma waɗannan uku ya ambata bayan Turanci. Da mu ake. Gaskiya, a Ribas Turancin buroka ne ya fi cin ƙarfin ƙananan harsuna, amma kada mu wanke hannu: a Bauchi Ajawa sun bar harshensu sun koma Hausa har ya mutu.

Kuma harshen kansa akwai abin mamaki. Bahaushe in ya ga dama ya ce "goro biyu", in ya ga dama ya ce "ƙwaya biyu". Ɗan Khana ba ya da wannan zaɓin a yawancin ƙirga. Sai ya saka wata kalma da ta dace da irin abin da yake ƙirgawa, tsari da ba kasafai ake samunsa a Afirka ba. Masani Suanu Ikoro ya yi digirinsa na uku a kan nahawun harshen a Jami'ar Leiden a 1996.

In ka sake zuwa taro, ka zo da tambayar Ajawa. Ita ce nake tsoro.

Wassalam.