Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Muhalli: wane siminti ake zubawa a titunan gwamnati?

Zuwa ga Malam Balarabe Abbas Lawal, Ministan Muhalli.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, Allah ya yi riƙo da hannu. Ni ma'aikacin gini ne, na haura shekara 20 ina tsaye kan leburori ana kwaɓa kankare ana zuba dakin. Da siminti nake ciyar da iyalina, don haka kada a ɗauka maƙiyinsa ne ya rubuto.

Gwamnatin da kake ciki ta zaɓi kankare a manyan titunanta. Titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba kilomita 700 ne, na Sakkwato zuwa Badagiri kuwa 1,068. Ban ga laifin wannan zaɓi ba, domin kwalta ta sha ba mu kunya damina ɗaya bayan an buɗe hanya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, muna jin ana maganar kaurin kankare da yawan rodi da kuɗin kwangila, amma ba mu ji muryar ma'aikatarka a kan irin simintin da za a zuba ba. Alhali gwamnati na daga cikin manyan masu sayen siminti a ƙasar nan, kuma mai saye da yawa shi ke gindaya sharaɗi.

Ba sai na tuna maka ba, amma zan tuna. A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na duniya a Gilasgo, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Najeriya ba za ta fitar da iskar kabon fiye da wadda take iya shanyewa ba. A wannan watan dai ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Dokar ta ɗora wa ma'aikatarka aikin tsara kasafin kabon na ƙasa, wato iyakar iskar kabon da za a fitar, ta kuma wajabta wa duk kamfanin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama ya ɗauki matakin rage hayaƙi, ya naɗa jami'in da zai riƙa miƙa rahoto duk shekara. Obajana, Ibese, Gboko, Okpella, Ewekoro, Kalambaina, Ashaka: wace masana'antar siminti ce a ciki ba ta ninka wannan adadi ba? To ina rahotannin? A fito da su fili, ɗan ƙasa ya ga tan nawa kowace ke fitarwa a kan kowane tan na siminti.

Siminti ba kamar mota ba ne, da za a ce a sauya mata mai shi ke nan. A duniya, kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon daga gare shi take fitowa. Ana gasa farin dutse a tanderu har zafi ya kai digiri 1,450 kafin a samu kilinka, wato ƙwayar da ake niƙawa ta zama siminti. Fiye da rabin iskar daga jikin dutsen kansa take tashi yayin da yake toyuwa. Ko da hasken rana aka hura tanderun, wannan kason yana nan. Buhu ɗaya mai kilo 50 da lebura ya saɓa a ka ya riga ya bar kusan kilo 30 na iskar kabon a sama. Hanya mafi kusa ita ce a rage kilinka a cikin buhun, a sa wani abin da zai yi aikinta.

Kuma abin yana ƙarƙashin ƙafarmu: yumɓu. Masana a Suwizalan da Kyuba da Indiya sun yi shekaru suna aiki kan simintin da ake kira LC3, rabinsa kilinka, kashi 30 gasasshen yumɓu, kashi 15 niƙaƙƙen farin dutse, ragowar jifsam. Yumɓun a zafin digiri 800 ko kusa da haka yake gasuwa, kuma hayaƙin na iya raguwa da kashi 40. A 2025 aka buɗe babbar masana'antar gasa yumɓu a Tema ta ƙasar Gana. Su larura ce ta kora su, ba su da wadataccen dutsen siminti, da dala suke shigo da kilinka. Mu Allah ya hore mana dutsen, shi ya sa babu abin da zai matsa wa kamfanoninmu su sauya, in ba doka ko sharaɗin mai saye ba. Ga farin yumɓu a Ƙanƙara, ga shi a Alkaleri. Ga cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, wadda ta kafa 'yan ƙananan masana'antun gwaji na irin wannan haɗi a Ota da Bokkos. Aikin ba daga tushe za a fara shi ba.

Na san abin da abokan sana'ata za su ce, domin ni ma shi na fara faɗa. Birkila da mai buga bulo in suka ji an rage kilinka, algus suke ji. Mun ga benaye sun rufta da mutane, mun kuma tuna rigimar 2014 kan siminti mai lambar ƙarfi 32.5 da 42.5, wadda ta bar magina cikin ruɗani. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma lacca a otal ba ta kawar da shi. Abin da ke kawar da shi shi ne hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta fitar da ma'auni bayyananne, a gwada kankaren a kwana 28 a gaban injiniyoyi da shugabannin magina, a rubuta a jikin buhu aikin da ya dace da shi. Mutumin da ya ga buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ba zai ƙi simintin da ya fi sauƙin makamashi ba, matuƙar ya tabbata dakin ɗinsa zai tsaya.

Akwai sauran maganganu. Ɓuntun shinkafa na tsibi a bayan injinan casa na Kano da Kebbi ana cinna masa wuta a banza, alhali tanderu na iya cinsa a madadin wani kaso na kwal. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, masana'antun Arewa na jira. Waɗannan sa zo daga baya.

Ranka ya daɗe, mu da muke aiki a rana mun san yadda zafi ya ƙaru, mun kuma ga ambaliyar Maiduguri a 2024 da ta Mokwa a 2025. Ba mu muka fi kowa ɓata iska ba, amma rabin ginin ƙasar nan bai ma taso ba tukuna, kuma kankaren da aka zuba yau ba a sake kwaɓa shi. Don Allah ka zauna da Ministan Ayyuka. A ware ko da kilomita 20 a titin Sakkwato zuwa Badagiri, da kwalbatoci da magudanan ruwansa, a yi su da siminti mai ƙarancin kilinka, a buga sakamakon gwajin kowa ya gani. In ya tsaya, a sa shi sharaɗi a kwangilolin da ke tafe. Ranar da za a zuba kankaren farko, ni da yarana za mu zo da kuɗin motarmu mu gani da idonmu.

Wassalam.

Wani ma'aikacin gini, daga Kano.